Tambaya da Amsa: Prescott Bush, mutumin banki da ya zama sanata, ya haifi shugaban ƙasa

A wannan fitowar, yawancin saƙonnin da suka zo mana daga ƙauyukan Kano da Jigawa sun taru ne a kan gida ɗaya, wato gidan Bush na Amurka, musamman a kan mutumin da ba a cika ambatarsa ba, Prescott Sheldon Bush, mahaifin shugaban Amurka na 41 kuma kakan na 43. Mun zaɓi wasu daga cikinsu, mun taƙaita su, sannan mun amsa kowacce gwargwadon nauyinta.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Roni. Mun yi musu a majalisarmu bayan sallar isha'i, inda wani dattijo ya dage cewa arzikin gidan Bush na man fetur ne tun asali, ni kuwa na taɓa ji a rediyo cewa kakansu ma'aikacin banki ne da ya zama sanata. Wane ne da gaskiya a tsakaninmu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kai ne ka fi kusa da gaskiya, ko da yake maganar dattijon naku ba ta faɗi ƙasa banza ba, domin man fetur ya shigo tarihin gidan, amma sai a hannun ɗa, bayan uba ya riga ya share masa hanya.

An haifi Prescott Bush ranar 15 ga Mayu, 1895, a birnin Columbus na jihar Ohio. Mahaifinsa, Samuel Prescott Bush, shi ne shugaban wani kamfanin narkar da ƙarfe mai suna Buckeye Steel Castings, wanda ke ƙera kayayyakin jiragen ƙasa, kakansa kuwa limamin coci ne. Ke nan gida ne na rufin asiri da mutunci, amma a wancan lokaci ba ya cikin manyan gidajen dukiya na Amurka, kuma ba a san shi da neman kujerar zaɓe ba. Abin da uban ya ba ɗansa wanda ya fi kuɗi amfani shi ne makaranta. Prescott ya shiga jami'ar Yale a 1913 ya fita a 1917, kuma a can ne aka ɗauke shi cikin wata ƙungiyar ɗalibai ta sirri da ake kira Skull and Bones, wadda ke zaɓar mutum 15 kacal a kowace shekara. Cikin abokan da ya yi a wannan ƙungiya akwai Roland Harriman, ɗan attajirin layin dogo E. H. Harriman. A riƙe wannan suna, domin shi ne mabuɗin abin da ya biyo baya.

Daga jami'a ya wuce Yaƙin Duniya na Ɗaya, inda ya yi aiki a Faransa a matsayin kyaftin a rundunar igwa. Akwai wani abu da ya same shi a nan wanda ya zame masa abin kunya. A 1918 ya rubuta wa gida wasiƙar raha, yana cewa ƙasashe uku sun ba shi lambobin yabo saboda wata jarumta da bai yi ba. Mutanen gida suka ɗauki maganar da gaske, har ta fito a jaridar garinsu, daga baya kuma dole aka buga gyara cewa wasa ne. Mutumin da aka sani bayan haka, mai kame kai da tsare gida, wanda ba ya son a yi alfahari a gabansa, ba zai rasa nasaba da wannan tuntuɓe na ƙuruciya ba.

Bayan yaƙi bai shiga banki kai tsaye ba. Ya fara ne da tallar kayan ƙarfe da na gini a kamfanin Simmons Hardware a birnin St. Louis, kuma a can ya haɗu da Dorothy Walker, 'yar wani hamshaƙin mai hada-hadar kuɗi, George Herbert Walker. Sun yi aure a watan Agusta na 1921 a garin Kennebunkport na jihar Maine, inda surukin nasa ke da gida a bakin teku. Shekarun da suka biyo baya na yawon neman abinci ne, daga wannan kamfani zuwa wancan, har da mai yin daɓen roba a jihar Massachusetts, inda aka haifi ɗansu na biyu ranar 12 ga Yuni, 1924, aka raɗa masa sunan kakansa na wajen uwa cikakke, George Herbert Walker Bush. A 1925 iyalin suka koma garin Greenwich na jihar Connecticut, a 1926 kuma Prescott ya shiga kamfanin zuba jari na W. A. Harriman a matsayin mataimakin shugaba. Shugaban kamfanin surukinsa ne, masu kamfanin kuma abokinsa na jami'a ne da yayan abokin, Averell Harriman.

Batun man fetur kuwa ya fara ne a 1948, lokacin da George ya gama jami'a ya tafi Texas. Kamfanin da ya fara ɗaukarsa aiki, Dresser, mai ƙera kayan haƙar mai, Prescott na cikin daraktocinsa tun shekaru da dama, shugabansa Neil Mallon kuma aminin gidan ne, har George ya sa wa ɗaya daga cikin 'ya'yansa sunansa. Da George ya tashi kafa nasa kamfanin, kawunsa na wajen uwa ne ya taimaka wajen tara masa masu zuba jari. Sai ka gaya wa dattijon, cikin ladabi, cewa rijiyar man gaskiya ce, amma kuɗin da aka fara haƙa ta da su daga New York suka zo.

Tambaya: Ni dillalin shanu ne, ina cin kasuwar Maigatari duk ranar Alhamis. Wane irin banki ne wannan da mutum zai yi aiki a cikinsa har ya zama mai faɗa a ji a ƙasa? Mu dai bankin da muka sani shi ne wanda muke bin layi mu ajiye kuɗin ciniki.

Amsa: Alhaji, bankin da ake magana a kai ba shi da irin wannan layin, kuma talaka ba ya shiga ya buɗe asusun ajiya. A farkon 1931, ana tsakiyar karyewar tattalin arzikin da ta biyo bayan rushewar kasuwar hannayen jari ta 1929, kamfanin Harriman ya haɗe da wani tsohon gidan kuɗi mai suna Brown Brothers, wanda tarihinsa ya faro tun 1818. Sabon gidan, Brown Brothers Harriman, ya zauna a lamba 59 a titin Wall Street, kuma Prescott Bush na cikin abokan tarayyarsa tun ranar farko. Tsohon gidan yana da suna da daɗaɗɗun abokan ciniki amma aljihunsa ya yi rauni, 'yan Harriman kuwa suna da tsabar kuɗin gado, kuma da kuɗin nasu aka riƙa toshe ɓaraka har guguwar ta wuce.

Sana'arka ce za ta fi saurin fahimtar da kai aikin. Ka san fatoma a kara: bafatake ya zo da shanunsa daga nesa bai san kowa ba, fatoma ya sauke shi, ya nemo masa mai saye, idan kuma mai sayen ya ce sai kasuwa mai zuwa zai cika kuɗi, fatoma ne ke tsayawa lamuni, in aka ci amana shi zai biya daga aljihunsa. Shanun ba nasa ba ne, kuɗin ma ba nasa ba ne, jarinsa shi ne an san shi kuma an yarda da maganarsa. Haka wannan banki yake tsakanin masu dukiya da kamfanonin da ke neman jari. Kuma da yake tarayya ce ta mutane ƙalilan, ba kamfanin da ake sayar da hannun jarinsa a kasuwa ba, idan aka yi asara to dukiyar kowane abokin tarayya tana cikin haɗari, har da ta gidansa. Wannan ne ya sa irin waɗannan mutane suke da tsananin taka-tsantsan game da wanda za su yi hulɗa da shi.

Inda tasirin yake fitowa shi ne, duk kamfanin da bankin ya samo wa kuɗi yakan ba ɗaya daga cikin abokan tarayyar kujera a kwamitin daraktocinsa. Ta haka Prescott ya zauna a kwamitin gidan rediyo da talabijin na CBS na tsawon shekaru, da na Dresser da muka ambata, da wasu da dama. Abokan aikinsa ma ba ƙananan mutane ba ne. Averell Harriman ya yi jakadan Amurka a Tarayyar Sobiyet daga 1943 zuwa 1946, daga baya ya zama gwamnan New York, Robert Lovett kuma ya yi sakataren tsaro daga 1951 zuwa 1953. Abin lura shi ne Harriman ɗan jam'iyyar Democrat ne, Bush kuma ɗan Republican, amma wannan bai hana su raba riba a teburi ɗaya ba.

Bayan aikin banki, ya riƙe wasu muƙamai da ba a biyan albashi, waɗanda su ne suka fito da sunansa waje. Ya shugabanci hukumar wasan golf ta Amurka a 1935, ya jagoranci gangamin tara kuɗi don walwalar sojoji a 1942, sannan ya shafe shekara 17 yana shugabantar zaman majalisar garin Greenwich, inda ake muhawara a kan kasafin makarantu da gyaran tituna da harajin gida. A ganinmu, waɗannan shekaru 17 na sauraron ƙorafin maƙwabta su ne makarantar siyasarsa ta gaskiya.

Tambaya: An turo mana wani saƙo a WhatsApp cewa kakan Bush shi ne ya ɗauki nauyin Hitila, kuma da kuɗin yaƙin aka gina gidansu. Kakana ya je yaƙin Bama, don haka maganar ta tsaya mini a rai. Mene ne gaskiyarta? Daga wani mai shagon magani a Ɓaɓura.

Amsa: Allah ya jiƙan kakan naka, Malam. Ruwa ba ya tsami banza, akwai abin da ya faru, amma saƙon da aka turo muku ya zarce abin da takardu suka nuna.

Ga abin da ya tabbata. A 1924 aka kafa wani ƙaramin banki a New York mai suna Union Banking Corporation, wanda aikinsa shi ne kula da dukiyar da iyalin Thyssen, manyan masu masana'antar ƙarfe na Jamus, suke da ita a Amurka, ta hannun wani bankinsu da ke Rotterdam a ƙasar Holan. Mutanen Harriman ne ke tafiyar da shi, kuma Prescott Bush na ɗaya daga cikin daraktocinsa, da hannun jari ɗaya tak cikin 4,000 a sunansa. Fritz Thyssen kuwa yana cikin attajiran da suka ba jam'iyyar Nazi kuɗi tun kafin ta hau mulki a 1933, wannan babu musu a kai. Daga baya ya ɓata da Hitila, ya gudu daga Jamus a 1939, aka kama shi, ya ƙare yaƙin a tsare a hannun gwamnatin da ya taimaka ta kafu. Amurka ta shiga yaƙi da Jamus a watan Disamba na 1941, a ranar 20 ga Oktoba, 1942 kuma gwamnati ta ƙwace bankin na Union ƙarƙashin dokar hana ciniki da abokan gaba, bisa hujjar cewa dukiyar ta 'yan ƙasar da ake yaƙi da ita ce. Ba a gurfanar da Bush ko wani daga cikin daraktocin a gaban kotu ba.

Saboda haka cewa shi ne ya ɗauki nauyin Hitila ƙari ne, domin riƙe wa attajiri dukiyarsa a wata ƙasa daban yake da zuba kuɗi a asusun jam'iyya, kuma a cikin watannin da aka ƙwace bankin ɗansa George, mai shekara 18, ya riga ya shiga rundunar sojan ruwa, inda daga baya Japanawa suka harbo jirginsa a 1944. Sai dai ba za mu wanke shi fes ba. Duk shekarun da duniya ke ganin abin da ake yi wa Yahudawa a Jamus, shi da abokan aikinsa sun ci gaba da riƙe wannan hulɗa, kuma ba su saki ba sai da gwamnati ta zo ta karɓe. Kamfanonin Amurka da yawa sun yi haka, amma yawan masu yin abu ba ya mayar da shi daidai. Taka-tsantsan ɗin da muka yaba a amsar da ta gabata na kare kuɗi ne, bai kai ga tambayar ko kuɗin wane ne ake karewa ba.

Tambaya: Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibitin karkara a yankin Gwaram. Wata abokiyar aikina ta ce wai batun tazarar haihuwa ne ya kayar da wannan mutum zaɓe. Na yi mamaki, don na ɗauka a wajenmu ne kawai ake kai ruwa rana a kan wannan batu.

Amsa: Abokiyar aikin taki ta yi daidai, Malama. Prescott Bush ya fara neman kujerar sanatan Connecticut a 1950, yana da shekara 55, ya kara da Sanata William Benton na jam'iyyar Democrat. Shekara uku kafin nan, a 1947, an sa sunansa a matsayin ma'ajin gangamin tara kuɗi na ƙungiyar Planned Parenthood, mai fafutukar tsarin iyali. A wancan lokaci jihar Connecticut tana da wata doka tun ta 1879 da ta haramta amfani da magungunan hana ɗaukar ciki, ko da tsakanin miji da mata ne, kuma mabiya ɗarikar Katolika, waɗanda cocinsu ke adawa da wannan abu, suna da yawan da babu ɗan takarar da zai yi wasa da su. Ranar Lahadin ƙarshe kafin zaɓe, wani shahararren ɗan jarida mai suna Drew Pearson ya tayar da maganar a shirinsa na rediyo, lokacin da ba sauran damar da za a bi gari-gari a yi bayani. Da aka ƙidaya ƙuri'u, Bush ya faɗi da ratar 1,102 kacal, cikin ƙuri'u fiye da 860,000. Ita kuwa dokar ta ci gaba da aiki har 1965, lokacin da Kotun Ƙolin Amurka ta soke ta.

Sa'arsa ta zo ne ta hanyar da ba a nema. A 1952 ya sake neman jam'iyyarsa ta tsayar da shi, aka ba wani. Ana cikin haka sai ɗaya sanatan jihar, Brien McMahon, ya rasu a watan Yuli, aka shirya zaɓen cike gurbi, jam'iyya ta tsayar da Bush, ya kayar da Abraham Ribicoff a shekarar da farin jinin Janar Eisenhower, ɗan takararsu na shugaban ƙasa, ya ɗaga 'yan Republican a faɗin ƙasar.

Tun da ke ce kika yi tambaya, ya dace a ambaci uwargidan. Dorothy ce ta kawo dangantakar da ta buɗe ƙofar banki, ita ce kuma ta yi tarbiyyar 'ya'ya biyar, maza huɗu da mace ɗaya, kuma George ya sha ba da labarin yadda take tsawatar masa idan ya cika faɗin "ni" a magana, har bayan ya zama babba a gwamnati. Ta rayu ta ga ɗanta a fadar shugaban ƙasa, ta rasu a watan Nuwamba na 1992, makonni kaɗan bayan ya faɗi zaɓen neman zango na biyu.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni manomin shinkafa ne a Auyo. Mu abin da muke auna sanata da shi shi ne abin da ya yi wa mutanensa. Kusan kowace damina ruwa yana cinye mana gonaki. Shi wannan, me ya tsinana wa jiharsa a majalisa?

Amsa: Allah ya kiyaye mana amfanin gona, Baba. Abin mamaki, tambayarka ta faɗa daidai kan aikin da aka fi tunawa da shi a jiharsa. A watan Agusta na 1955, guguwar teku biyu, waɗanda aka sa wa suna Connie da Diane, suka afka wa yankin a cikin kwanaki kaɗan. Ta farko ta jiƙa ƙasa har ta ƙoshi, ta biyu ta zubo ruwan da ba shi da wurin shiga, kogin Naugatuck da wasu suka ɓalle suka ratsa tsakiyar garuruwan masana'antu, gomman mutane suka mutu, gadoji da layin dogo suka tafi. Bush yana cikin kwamitin ayyuka na majalisar dattawa, kuma ya yi amfani da wannan kujera wajen tura dokokin da suka ba injiniyoyin sojan Amurka dama da kuɗin nazarin gaɓar teku da gina madatsun tare ambaliya. Madatsar Thomaston a kan kogin Naugatuck, wadda aka kammala a 1960, tana cikin ayyukan da suka biyo bayan wannan ambaliya. Abin da ya kamata mutanen kwarin Haɗeja su lura da shi shi ne irin maganin da aka nema: ba a tsaya ga rabon kayan agaji ba, an sa aikin a cikin doka da kasafi, ta yadda ya ci gaba ko bayan sanatan ya bar kujera.

Daga wannan kwamiti ne kuma ya taka rawa wajen samar da dokar manyan titunan tarayya ta 1956, wadda ta tsara gina hanyoyi masu tsawon mil 41,000, gwamnatin tarayya na biyan kashi 90 cikin 100 na kuɗin. Ya kuma kaɗa ƙuri'ar goyon bayan dokokin kare haƙƙin baƙaƙen fata na 1957 da 1960. Yana da kusanci da Shugaba Eisenhower, har sukan buga golf tare, kuma a 1956 ya sake cin zaɓe, inda ya kayar da Thomas Dodd.

Amma idan ana neman inda ya nuna ƙarfin hali, to a kan Sanata Joseph McCarthy ne. Wannan mutum ɗan jam'iyyarsu ne, ya yi suna wajen zargin ma'aikatan gwamnati da zama 'yan gurguzu ba tare da ƙwaƙƙwarar hujja ba, ya ɓata rayuwar mutane da yawa, kuma 'yan siyasa suna tsoronsa domin yana da magoya baya masu zafi, musamman a cikin Katolikan da suka kayar da Bush a 1950. A lokacin yaƙin neman zaɓen 1952, a wani taro a birnin Bridgeport da McCarthy ya halarta, Bush ya tashi a gaban jama'ar ya ce bai yarda da hanyoyin da baƙon nasu yake bi ba, aka yi masa ihu. Ranar 2 ga Disamba, 1954, da majalisa ta kaɗa ƙuri'ar yin tir da McCarthy, 67 suka amince 22 suka ƙi, 'yan Republican suka rabu gida biyu daidai, Bush yana cikin waɗanda suka amince.

Duk da haka ba za mu ce yana cikin jiga-jigan majalisar ba. Bai taɓa zama shugaban masu rinjaye ko na marasa rinjaye ba, kuma shekara goma kawai ya yi. A 1962 ya sanar da cewa ba zai sake tsayawa ba saboda dalilin lafiya, ya sauka a watan Janairu na 1963, kujerar kuma ta koma hannun Ribicoff ɗin da ya kayar da farko. Ya koma bankinsa, ya rasu ranar 8 ga Oktoba, 1972, yana da shekara 77, lokacin George yana jakadan Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya.

Tambaya: Ni ɗalibi ne daga Rano. Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Shin ba gadon mulki ba ne wannan, irin wanda muke kuka da shi a nan? Kuma akwai mai kama da shi a Najeriya?

Amsa: Gado ne, ɗana, amma ba kujerar aka gada ba. Babu ɗaya daga cikin zuriyar Prescott da ya sake zama sanata. George ya nemi kujerar a Texas sau biyu, a 1964 da 1970, ya faɗi duka, babban ɗan kuma, Prescott ƙarami, ya gwada a Connecticut a 1982 ya janye tun kafin zaɓen fid da gwani. Abin da ya wuce daga uba zuwa ɗa shi ne suna, da sanin manya, da jerin mutanen da za a iya neman gudummawar kuɗin yaƙin neman zaɓe a wurinsu, kuma wannan ya ishi mutum ya faɗi sau biyu bai fita daga fage ba, abin da ɗan talaka ba zai iya ba. Da shi George ya kai ga shugabancin ƙasa daga 1989 zuwa 1993, ɗansa George W. daga 2001 zuwa 2009, wani ɗan nasa Jeb kuma ya yi gwamnan Florida daga 1999 zuwa 2007. Sunan bai yi aiki ba a 2016, lokacin da Jeb ya fita daga takarar shugaban ƙasa tun a farkon zaɓukan fid da gwani, duk da ɗimbin kuɗin da aka tara masa.

A Najeriya, gidan da ya haɗa banki da majalisar dattawa a fili shi ne na Saraki a Ilorin. Dakta Olusola Saraki ya yi shugaban masu rinjaye a majalisar dattawa daga 1979 zuwa 1983, kuma shi ne jigon bankin Société Générale na Najeriya, inda ɗansa Bukola, wanda likita ne ta fuskar karatu, ya yi darakta daga 1990 zuwa 2000. Bukola ya yi gwamnan Kwara daga 2003 zuwa 2011, a daidai shekarun da ƙanwarsa Gbemisola ke wakiltar Kwara ta Tsakiya a majalisar dattawa, sannan ya karɓi wannan kujera, ya zama shugaban majalisar daga 2015 zuwa 2019. Bambancin da ke tsakanin gidajen biyu shi ne, su Bush sun watsu ne zuwa jihohi daban-daban, kowa ya nemi jama'arsa, gidan Saraki kuwa ƙarfinsa a jiha ɗaya yake, shi ya sa a 2011 har uba da ɗa suka raba gari a kan wanda zai gaji kujerar gwamna, uban yana bayan Gbemisola, ɗan yana bayan Abdulfatah Ahmed, wanda ya yi nasara.

A 2019 mutanen Kwara suka fito da taken da ke nufin "ya isa haka", Bukola ya rasa kujerarsa ga Ibrahim Oloriegbe, jam'iyyarsa ta rasa gwamna. Wanda ya ci gwamnan, AbdulRahman AbdulRazaq, ɗa ne ga A. G. F. AbdulRazaq, lauya na farko daga Arewacin Najeriya kuma minista a Jamhuriya ta Farko, 'yar'uwar AbdulRahman, Khairat Gwadabe, kuma ta wakilci Abuja a majalisar dattawa daga 1999 zuwa 2003.